BABI NA HUƊU: HANKALI DA ZUCIYA A TUNANIN BAHAUSHE

4.0 Gabatarwa

Masana falsafa sun daɗe suna tambayar abin da ke sa mutum ya san daidai, amma ya aikata akasinsa. A wannan babi za a duba amsar da harshen Hausa ya tanada, ta hanyar nazarin kalmomin hankali da zuciya.

4.1 Hankali

An aro kalmar hankali daga Larabci. A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974. Bahaushe kan ce, "Hankali ke gani, ido gululu ne." Gululu shi ne ɗan dunƙulen yumɓun da ake sa wa mazari wajen kaɗi, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar auduga irin Gozaki. Ma'anar karin maganar ita ce, ido kallo kawai yake yi, fahimta kuwa aikin hankali ce.

4.2 Zuciya

Idan aka lura da ginin jimla, za a ga bambanci. Hankali abu ne da mutum ke sarrafawa: yakan sa shi, ya mai da shi, ya tattara shi. Zuciya kuwa ita ke aikatawa a kan mutum: takan raya masa, ta kitsa masa, ta ɗebe shi. Ke nan, a ganin Bahaushe, zuciya gaggawa gare ta, hankali kuwa sai an jawo shi. Wannan ya yi kusa da ra'ayin Daniel Kahneman, wanda ya sami lambar Nobel a 2002, cewa tunanin ɗan Adam iri biyu ne: mai sauri da mai nawa.

4.3 Misali daga Gona

A yankin Funtuwa da Malumfashi, idan waken suya ya yi daraja bana, baɗi sai manoma da yawa su raja'a a kansa. Da kaka kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wannan bin yayi ne, zuciya ta riga hankali.

To amma a yi hattara. Manomin Gozaki da ya sayar da masara da arha lokacin kaka, ya dawo ya saye ta da tsada cikin damina, ba lalle ne wauta ya yi ba. Bashin taki na jiransa, ga kuɗin makaranta, ga tsoron ƙwari a rumbu. Kafin a yanke wa mutum hukuncin rashin hankali, wajibi ne a san abin da ya tasa shi gaba.

4.4 Auna Fahimta

1. Kawo jimloli biyar da zuciya ta zo a matsayin aikau.
2. Tattauna bambancin wauta da tilas, tare da misalai daga garinku.