Mai daga dagwalon masai

Mun saba ɗaukar dagwalon da ke saura bayan an tace ruwan masai a matsayin ƙazanta, alhali akwai mai a cikinsa. Akan busar da shi, a gasa cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe a zafin digiri 450. Da yake iska ba ta shiga, ba ya cin wuta, sai dai ya fitar da tururi, wanda in ya huce ya zama baƙin mai. Gawayi ke saura, ƙwayoyin cuta sun mutu.

Mu lura, busarwar ke cin kuɗi: ko an matse dagwalon, kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. A birnin Perth na Ostareliya an gina irin wannan masana'anta a ƙarshen shekarun 1990, tsada ta sa aka dakatar.