DARASIN MAKO: Jinyar Kare da Doki Bayan Rauni, Yadda Ake Dawo da Ƙafa Bakin Aiki



Yau za mu ɗan fita daga ɗakin kaji. Na san wani zai ce, to me ya haɗa mu da kare da doki? Ku duba gonakinku da kyau. Wanda yake kwana ido biyu yana tsare muku kaji daga ɓarawo da muzuru da tunku, ai kare ne. Kuma a cikinmu akwai masu doki a gida, na hawan sallah ko na kilisa, wani dokin ma kuɗinsa ya fi na ɗakin kaji guda. Duk dukiya ce, kuma rai ne da Allah Ya ba mu amanarsa.

Bara mai babur ya buge karen gadin gonarmu a ƙafar baya. Likitan dabbobi ya duba ya ce tsagewar ƙashi ce, ya ɗaure, ya ba da magani. Da lokacin kwance ɗaurin ya yi ya kwance, ya ce in dawo ya nuna mini yadda zan riƙa motsa masa ƙafar. Ban koma ba. A nawa wayon sai na ɗaure karen a gindin bishiya wata biyu cur, wai ina hutar da shi. Ranar da na sake shi, ƙashi ya haɗe lafiya lau, amma cinyar ta tsotse, gwiwar ta ƙage, da ƙafa uku yake tafiya. A cikin wannan tsakanin muka wayi gari wani abu ya shiga ɗakin 'yan tsaki ya yi mana ɓarna. Laifina ne, ba na kowa ba.

Daga nan na koma wajen likita, na kuma zauna na yi karatu kan abin da ake kira gashi ko fisiyo na dabbobi. Ni harkar kasuwancin noma na karanta, ba likitanci ba, don haka darasin nan ba zai maye muku gurbin likita ba. Zai dai nuna muku aikin da ya rage a hannunku bayan likita ya gama nasa.

KUSKURE BIYU DA MUKE YI

Na farko irin nawa, a ɗaure dabba a turke ba motsi. Tsokar da ba ta aiki tana fara tsotsewa cikin 'yan kwanaki, gaɓar da ba a lanƙwasa ta kuma tana ƙagewa. Na biyu kishiyarsa ne, da an ga ɗingishi ya ragu sai a ce ya warke, a ɗaura sirdi ko a saki kare ya bi farauta. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, zafin ciwo yana tafiya tun kafin raunin ya warke. Gashi shi ne bin tsakiya: hutu, sannan motsi kaɗan-kaɗan da lissafi, ana ƙarawa mako bayan mako.

KAFIN KOMAI, A SAN MENE NE CIWON

Targaɗe daban, karaya daban, gocewar ƙashi daban, tsinkewar jijiya daban. Tausar da za ta taimaki wani ciwon ita za ta lalata wani. Ƙashin da ya karye ba a motsa shi sai likita ya ce ya kama. In abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa da ku, akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Gargaɗi mai girma a nan. Karen da ƙafafunsa na baya suka shanye ba tare da an ga abin da ya buge shi ba, yana dalalar da yawu, ko halinsa ya canza, kada ku yi masa tausa, kada ku sa hannu a bakinsa. Yana iya zama ciwon haukan kare. A killace shi a kira likita nan take. Doki kuma in raunin a buɗe yake, ku tambayi allurar cutar sarƙe-haƙora, don doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa.

KWANA UKU NA FARKO: SANYI, BA ZAFI BA

Mu Hausawa da an ce gashi sai a ɗora ruwan zafi. A kwana 2 zuwa 3 na farko wurin yana da kumburi da zafi, ruwan zafi ƙara kumburin yake yi. Sanyi ake so. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. In doki ne, a sakar masa ruwan sanyi da tiyo a ƙafar tsawon minti 20. Sai kumburi ya sauka sannan ake komawa tsumma mai ɗumi na minti 10 zuwa 15 kafin motsa gaɓa, ɗumin da hannunka zai iya jurewa.

In an ɗaure ƙafa, a sa auduga mai kauri a ciki, kuma kullum a duba yatsun kare. Da kun ga sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko wurin yana wari, a koma wajen likita a ranar. Ɗori mai tsauri da kara ya sa dabbobi da yawa sun rasa ƙafa.

ƁANGAREN DOKI

Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba. Daga gwiwa zuwa kofato kuma babu tsoka, ƙashi ne da jijiyoyi sai fata. Shi ya sa agarar bayan ƙwaurin gaba take yawan samun rauni wajen sukuwa, sai ka ga bayan ƙafar ya kumbura ya yi doro kamar baka. Jini kaɗan ne yake kaiwa wannan jijiya, don haka warkewarta tana ɗaukar wata 9 zuwa shekara guda, wani lokacin fiye. Ɗingishin kuwa yana iya ɓacewa cikin mako biyu ko uku. Nan ne mai doki yake ruɗuwa, musamman in sallah ta matso.

Jijiyar da tabo take warkewa, shi kuma tabo ba ya miƙewa kamar jijiyar asali. Tafiyar sannu ta kullum ita take jera zaren tabon ya bi tsawon ƙafar, ya yi ƙarfi. Tsarin da likitoci kan bayar yana kama da haka: doki yana barga, ana jan sa da ragama a ƙasa mai laushi wadda ba tudu ba gangare, minti 5 zuwa 10 safe da yamma, ba a hau ba. Duk mako a ƙara 'yan mintuna har a kai minti 30 zuwa 40. Sassarfa sai bayan wata uku ko huɗu, in an samu hali a yi sikanin jijiyar tukuna. Sukuwa ita ce ta ƙarshe. Duk ranar da ƙafar ta ƙara zafi ko kumburi bayan tafiya, a koma matakin baya.

Abu biyu ake mantawa da su. Na ɗaya abinci. Dokin da ke hutu a rage masa dawa da gero, a yawaita ciyawa da harawa da ruwa. In aka ci gaba da cika masa hatsi yana tsaye, ranar da aka fito da shi tsokar cinyoyinsa tana iya ɗaurewa, ya kasa tafiya, fitsarinsa ya yi duhu. Turawa suna kiran wannan ciwon safiyar Litinin, saboda dawakin amalankensu da ke hutun Lahadi da cikakken hatsi ne yake kamawa.

Na biyu, lafiyayyar ƙafar. Ita take ɗauke da nauyin da mai ciwon ta kasa, har naman cikin kofatonta ya kumbura, ciwon da likitoci ke kira laminaitis. Akwai wani dokin tsere na Amurka mai suna Barbaro, wanda ya ci gasar Kentucky Derby a watan Mayun 2006. Mako biyu bayan nan ya karye a ƙafar baya ta dama. Aka yi masa aiki da ƙarfe da kusoshi, karayar ta kama hanyar warkewa, sai wannan ciwo ya kama kofaton hagu. A watan Janairun 2007 dole aka yi masa allurar da ta hutar da shi. Ƙwararru da kuɗi duk suna nan, amma ƙafar da ba ta karye ba ita ta fara ja musu asara. Ku shimfiɗa wa doki dusar katako mai kauri irin ta ɗakin kaji don ya iya kwanciya, kuma kullum ku taɓa kofaton lafiyayyar ƙafar ku ji ko ya yi zafi.

Batun lalas, wato ƙona ƙafa da ƙarfe mai zafi, ba mu kaɗai muka yi shi ba, Turawa ma sun daɗe suna yi. Binciken da aka buga a Ingila a 1983 ya nuna ba ya taimaka wa jijiya ta warke. Hutun dole da ƙunar take jawowa shi ne yake aikin, a ba dokin hutun ba tare da azabar ba.

ƁANGAREN KARE

Ƙashin ɗan kwikwiyo yana haɗewa cikin mako 4 zuwa 6, na babban kare mako 8 zuwa 12. Da likita ya ba da izini sai a fara. A sa masa takunkumi ko da naka ne, don ciwo yana sa kare ya ciji mai shi.

A kwantar da shi a gefensa, ƙafar mai ciwo tana sama. A yi tausa mai laushi daga yatsu zuwa cinya. Sannan a riƙe sama da gaɓar da ƙasanta, a lanƙwasa a hankali, a miƙe a hankali, sau 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini. Inda ya fara janyewa ko kuka, nan ne iyaka, kada a danna.

Sai tafiya da igiya, minti 5 a farko, sannu sosai. Sirrin a nan yake: in ka yi sauri zai ɗage ƙafar ya yi tsalle da uku, in ka rage gudu dole ya taka ta. Wanda ba ya iya tsayuwa, a zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa a tallafe shi. Da ya fara takawa sosai a koya masa zauna-tashi sau 5 zuwa 10, daga baya a jera sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake kwance gaba ɗaya kuma a riƙa juya shi duk awa 4 zuwa 6, a tabbatar shimfiɗarsa a bushe take, don kada gyambo ya fito.

Masu kifi, ga inda kuka fi kowa gata. A ƙasashen waje asibitocin gashin dabbobi suna da injin tafiya a cikin ruwa, saboda ruwa yana rage nauyi. Karen da ruwa ya kai masa ƙugu, abin da ƙafafunsa ke ɗauka bai kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ba. Tankin siminti da kuka kwashe kifi zai yi wannan aiki. A wanke shi, a zuba ruwa mai tsabta wanda ya ɗan sha rana, a shimfiɗa tabarmar roba saboda santsi, a riƙe shi ya yi tafiya minti 3 zuwa 5. Sharaɗi: raunin ya rufe gaba ɗaya, babu kifi a ciki, ba a barin sa shi kaɗai, kuma a sake wanke tankin kafin a zuba sabon iri.

MAGANIN MUTANE BA NASU BA NE

Kada ku ba kare ibuprofen ko diclofenac, suna huda masa ciki su lalata ƙoda. Farasitamol ma sai da awon likita, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Maganin ciwon da likita ya rubuta shi ma ɓoye zafi yake yi, don haka ganin doki ya daina ɗingishi yana kan magani ba izinin hawa ba ne.

KU RUBUTA

Yadda muke rubuta abincin kaji da yawan ƙwai, haka za a yi a nan. Duk mako a auna kaurin cinya da tef ɗin tela, a wuri ɗaya, a gwada da ɗaya ƙafar. A ɗauki bidiyon tafiyarsa da waya. Da wannan muka gane namu yana ci gaba, don ido ba ya ganin canjin kullum. Ya ɗauke mu kusan wata uku kafin ya koma zagayen dare. Har yau in sanyi ya yi yana ɗan ɗingishi da safe, kuma na san wata biyun da na ɗaure shi ne sila.

Masu doki, ku yi lissafin da kanku. Hawan sallah ɗaya da za ku rasa, da dokin da za ku rasa gaba ɗaya in jijiyar ta sake tsinkewa, wanne ya fi tsada? Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya taɓa jinyar kare ko doki ya faɗa mana yadda ya yi, mu ƙaru da juna. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan kifi. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da ke hannunmu.