Kwamfutar da Ke Mutuwa a Tsakiyar Haɗa Bidiyo ko Gem: Matakan Gano Cutar

Akwai kwamfutar da za ta wuni lafiya ƙalau kana rubutu kana shiga intanet, amma da ka ɗora mata aiki mai nauyi, irin fitar da bidiyo a Premiere Pro ko buga gem, sai ta ɗauke. Da yawa abin da suke fara yi shi ne su kai ta a goge komai a sake zuba Windows. Don Allah kada ka fara da nan. Na san mai haɗa bidiyon biki da aka goge wa kwamfuta har sau biyu, aikin mutane ya salwanta, ashe ƙura ce ta toshe ta. Sabon Windows ba ya share ƙura, ba ya ƙara wa akwatin wuta ƙarfi.

Ka kwafe aikinka a wani wuri tukuna. Sannan ka riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda, kana gwadawa da aikin nan da ya saba kashe ta.

Mataki na 1: Lura da yadda take mutuwa

Idan ta ɗauke ɗif kamar an zare waya, ko ta sake tashi da kanta ba wani saƙo, ka zargi wuta ko zafi. Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, manhajar ta rufe, yawanci direban katin girafik ne: Windows na jiran katin ya amsa cikin daƙiƙa 2, in bai amsa ba sai ta sake tayar da shi. Idan shuɗin allo ne, ɗauki hotonsa da waya. VIDEO_TDR_FAILURE na nuni ga ɓangaren hoto. Nvlddmkm sunan direban Nvidia ne, atikmpag na AMD, igdkmd64 na Intel. Ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a allo kuwa sun fi nuna katin kansa.

Buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System. Lamba 4101 na nufin direba ya daina amsawa. Kernel-Power 41 na ruɗin mutane. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba shiri, ba ta faɗi dalili ba.

Mataki na 2: Auna zafi

A ƙasar Hausa nan ne nake fara tsayawa, domin ƙurar hunturu ba ta gama shiga ba sai zafin bazara ya iso, kuma a Kano, Sakkwato ko Maraɗi watan Afrilu kan haura digiri 40. Saka HWiNFO, ka buɗe ɓangaren Sensors, ka bar shi yana aiki yayin da kake fitar da bidiyo, kana duban layin Maximum. Katin girafik da ke tsakanin digiri 70 zuwa 83 a kan aiki lafiyarsa lau. In ya doshi 90, ko furosesa tana taɓa 100, ka kama hanya.

Gwaji mafi sauƙi: cire murfin gefe, ka juya fankar ɗaki tana hura cikinta. In mutuwar ta tsaya, zafi ne.

Kashe kwamfutar, zare waya, ka hure ƙurar da bulowa, amma ka dafe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A laftof, ƙurar da ke kisa ba a ganinta daga waje. Tana taruwa ne tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa, ta daskare kamar auduga mai launin toka, har ka ɗago ta da tsinke ta fito guda. In kwamfutar ta shekara uku ko fiye, mai yiwuwa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. A goge tsohon tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko kafet.

Mataki na 3: Sake direba daga tushe

Sauke sabon direba daga shafin Nvidia, AMD ko Intel, ka ajiye. Cire intanet don kada Windows ta riga ka zuba nata. Shiga Safe Mode, ka goge tsohon da manhajar DDU, sannan ka saka sabon. Mai haɗa bidiyo da katin Nvidia gara ya zaɓi Studio Driver a kan Game Ready. In kuwa matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, koma wa tsohon da ke maka aiki. Ba kowane sabo ne alheri ba.

Mataki na 4: Bincika wuta

Nan ne aka fi yin sakaci. A sayi kati mai tsada, a bar shi da akwatin wutar da ya zo da kwamfutar ofis. RTX 3080 shi kaɗai yana jan wat 320, kuma Nvidia ta ce a haɗa shi da akwatin wat 750. Ramin da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa, sauran daga wayoyi ne, kowace mai baki takwas wat 150. In katin na da rami biyu, ja masa waya biyu daban daga akwatin, kada ka raba guda ɗaya.

Don tabbatarwa, buɗe MSI Afterburner ka sauke Power Limit zuwa 70. In ka riga ka kawar da zafi, kuma yanzu ta daina mutuwa, da alama akwatin wuta ne ya gaza. Canza shi za ka yi. Kada ka kuskura ka buɗe cikinsa, yana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi.

Duba bango ma. Ƙaramin janareta kan durƙusa idan firji ya tashi ko an jona dutsen guga. UPS mai 650VA kuwa wat 400 ma ba ta cika kaiwa ba, ba za ta ɗauki irin wannan kwamfutar ba. Mai laftof ya duba cajarsa: ta wat 65 ba za ta riƙe injin da ya zo da ta 180 ba.

Mataki na 5: RAM

Kashe XMP, wato ƙarin gudun RAM, a BIOS, ka mayar da duk ƙarin gudun da aka yi wa kati yadda yake. Ɗora MemTest86 a filasha ka bar shi ya kwana. Kuskure ko ɗaya ya isa shaida. Sai ka riƙa gwada RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito.

Mataki na 6: Katin kansa

In duk waɗannan sun wuce lafiya, kunna FurMark na minti 10 idonka na kan zafi, ka tsayar da shi in ya haura 90. Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne musanya: kai katinka kwamfutar wani, ko ka ari nasa. In cutar ta bi katin, shi ne. Na hannu sun fi yin haka, musamman waɗanda aka yi haƙar kirifto da su dare da rana kafin Ethereum ta daina amfani da su a Satumbar 2022. Idan za ka kai wa mai gyara, tafi da hoton shuɗin allon, da lambobin zafin da ka gani, da jerin abin da ka riga ka gwada, ka kuma ce masa kada ya taɓa Windows sai ya kira ka.