Sayen Babur Na Hannu

Birnin Kano yana da manyan unguwannin masana'antu uku, watau Bompai, wadda ta fi daɗewa, da Sharaɗa, da Challawa. A can ake jimar fatu, da yin kayan roba, da matsar mai. Galibin ma'aikata gidajensu na nesa, saboda haka kullum da sassafe hanya takan cika da babura.

A Jamus aka ƙera babur na farko mai shan fetur, cikin 1885. Cikin 1979 kamfanin Honda na Japan ya kafa reshe a Nijeriya domin harhaɗa babura a Ota. Daga baya na Sin da na Indiya, irin su Jincheng da Bajaj, suka cika kasuwa saboda araha. Cikin 2013 Gwamnatin Kano ta hana acaɓa, amma mutum yana iya hawa nasa ya tafi aiki. Sabon babur kuwa yana da tsada, shi ya sa da yawa sukan nemi na hannu, watau wanda wani ya riga ya hau.

Akwai wani saurayi mai aiki a Sharaɗa. Shekara biyu yana zubin adashi. Ran da ya kwasa, sai wani dillali ya nuna masa jan babur irin na tsere, yana ta ƙyalli, kuɗinsa kuwa kaɗan. Saurayi ya garzaya wurin kawunsa, wani tsohon bakanike, ya ce, "Kawu, na sami abin hawa!"

Kawu ya ce, "Sannu dai, ɗana. Ba a cinikin biri a sama. Mu je in gani."

Da suka isa, Kawu ya taɓa injin, ya ji da ɗumi. Ya ce, "An riga an tayar da shi. Sai inji ya kwana ya huce ake sanin lafiyarsa." Suka komo da safe. Da ƙyar babur ya tashi, salansa tana fid da shuɗin hayaƙi. Kawu ya ce, "Ka gani? Yana ƙona baƙin mai. In kuwa ya lalace, kayan gyaran irinsa wuyar samu gare su."

Sa'an nan ya durƙusa ya duba lambar inji, ya ga an goge ta. Ya tambayi rasit, dillali ya kama kame-kame. Kawu ya ja hannun ɗansa, ya ce, "Wanda aka kama da kayan sata, da wuya ya kuɓuta. Kuɗinka su tafi, mutuncinka ya bi su."

Bayan mako guda suka sami wani ƙaramin babur, ba shi da ado, amma birkinsa da tayoyinsa lafiya lau, lambobinsa kuma sun yi daidai da na takarda. Aka rubuta ciniki gaban shaidu biyu. Da sauran kuɗin saurayi ya sayi hular kwano. Tun daga ran nan bai sake makara a wurin aiki ba.

Tambayoyi
1. Faɗi unguwannin masana'antu uku na Kano.
2. Don me Kawu ya ce a komo da safe?
3. Mene ne ma'anar "cinikin biri a sama"?