Darasi: Turaren Ɓaure Biyu, Wanne Za A Saro?

Darasinmu na yau a kan wasu turare biyu ne na ƙasar Faransa, masu kama da juna har mai saye kan rasa wanda zai ɗauka.

Na farko sunansa Premier Figuier, na kamfanin L'Artisan Parfumeur, ya fito a 1994. Na biyu Philosykos, na kamfanin Diptyque, ya fito a 1996. Kamfanonin duk a birnin Faris suke, kuma mace ɗaya ce ta haɗa turarukan, Olivia Giacobetti. To, kun ji dalilin kamar. Ɓauren da ake nufi shi ne wanda Larabawa ke kira tini, ba irin namu na bakin rafi ba.

Ku sani, ba daga 'ya'yan ɓaure ake tatsar wannan ƙamshi ba. Man ganyensa kuwa an hana sa shi cikin turare, don yana ƙona fata in rana ta buga shi. Haɗi ake yi: sinadari mai ƙamshin ɗanyen ganye, da wani mai ƙamshin kwakwa. Saboda haka fesawar farko, duka biyun ɗanyen ganye za ku ji. Wannan bakin buhu ne kawai. Mu masu harkar hatsi ba mu yanke farashi sai mun zura hannu can ƙasa.

Ga yadda za a yi. A fesa ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, a bar su awa biyu ko uku. Sannan bambanci ke fita. Premier Figuier yakan koma mai laushi kamar madara, da ƙamshin sandal. Philosykos ya fi tsayawa a kan ganye da itace. Wanda ya saba da humra da sandal, na farkon zai fi kwanta masa a rai. Mai son ƙamshi mara nauyi lokacin bazara, a nuna masa na biyu.

Sai kuma lissafi. Philosykos iri biyu ne, Eau de Toilette da Eau de Parfum. Na ƙarshen ya fi yawan mai, ya fi daɗewa a jiki, ya fi tsada. Girman kwalaben ma ba ɗaya ba ne, akwai mai mililita 50, da 75, da 100. A raba kuɗin da mililita, kamar yadda muke raba kuɗin buhu da mudu, sai a gane wanda ya fi araha.

Abu huɗu a kiyaye. Akwai sinadarin barasa a cikinsu, kamar yawancin turaren fesawa, a faɗa wa mai saye tun kafin ya biya. Kada a shanya su a teburi cikin rana, zafi na lalata turare. Wanda aka kawo da araha fiye da kima, a yi zaton jabu ne. Kuma kaya ne masu tsada, kada a sari katon sai hancin abokan ciniki ya zaɓa.