Darasin Kasuwanci: Rage Nauyin Hoton Haja Kafin A Ɗora Shi A Intanet

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Tun daga lokacin mai saye ya ƙara sa ido a kan abin da yake buɗewa a wayarsa. Wannan ya shafi duk ɗan kasuwar da ke tallar hajarsa a shafin intanet, domin kowane hoto da ya ɗora, mai dubawa ne yake biyan kuɗin sauke shi.

Bari mu yi lissafi. Wayar da kyamararta ke da megafiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo 4,032 a faɗi da 3,024 a tsaye, nauyinsa kuma yakan kai megabait 3 ko 4. A ce mai sayar da atamfa da shadda a kasuwar Balogun ta Legas ya jera irin waɗannan hotuna 20 a shafi ɗaya. Mai son duba su sai ya ƙona kusan megabait 80. Da an rage kowane hoto zuwa kilobait 200, megabait 4 sun ishe shi. A ilimin tattalin arziki, wannan ɗawainiya ce da mai haja ya ɗora wa wani ba tare da ya ji ta a aljihunsa ba. Sai dai a ƙarshe kansa take komawa, domin wanda ya gaji da jiran hoto ya buɗe, rufe shafin yake yi ya nufi maƙwabci.

Ɗaya daga cikin tsofaffin nau'o'in hoto shi ne JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992. Yana rage nauyi ta hanyar zubar da wasu bayanai da ido bai cika lura da su ba, kuma da wuya a sami waya ko kwamfutar da ba ta buɗe shi. PNG, wanda ya fito a 1996, ba ya zubar da komai, sabili da haka ya dace da tambarin kamfani da takardar farashi mai rubutu, amma kuskure ne a adana hoton haja da shi, don nauyinsa yakan ninka. WebP kuwa kamfanin Google ya fito da shi a 2010, ya kuma ce yana ƙasa da JPEG a nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100 a kan inganci iri ɗaya. Tun da manhajar Safari ta karɓe shi a 2020, dukkan manyan manhajojin shiga intanet suna nuna shi.

Inda 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe shi ne HEIC. Daga 2017 wayoyin iPhone suna adana hoto da wannan nau'i. Yana da kyau, ba ya cin wuri, amma manhajojin Chrome da Firefox ba sa nuna shi, shafuka da dama kuma ba sa karɓar sa. Sau da yawa wayar takan juya shi zuwa JPEG da kanta yayin aikawa, amma ba kullum ba, musamman idan an kwashe hotunan zuwa kwamfuta yadda suke. Maganin yana cikin wayar: a shiga Settings, a zaɓi Camera, sannan Formats, a taɓa Most Compatible. Daga nan duk sabon hoto JPEG zai zama.

Amma mai karatu ya lura, sauya nau'i kaɗai ba ya kashe ƙishirwa. Babban nauyin yana cikin yawan ɗigo ne. Idan aka mai da faɗin hoto daga 4,032 zuwa 1,200, tsayinsa zai koma 900, yawan ɗigon kuma ya ragu fiye da sau 11, alhali a fuskar waya da ƙyar a ga bambanci. Saboda haka a fara da rage girma, sannan a zaɓi JPEG ko WebP, a sa ma'aunin inganci tsakanin 75 da 80. Shafin Squoosh, wanda ma'aikatan Google suka buɗe a 2018, yana yin wannan aiki kyauta, yana nuna tsohon hoton da sabo gefe da gefe, kuma hoton ba ya barin na'urar mai shi.

Masu yadi su yi hattara fiye da kowa. JPEG yana tauye bayanin launi fiye da na haske, shi ya sa jan launi da ƙananan zanen leshi suke fara dagulewa idan an matsa da yawa. Mai sayar da buhun masara zai iya sauka ƙasa da 70 bai yi asara ba. Mai leshi, a ganina, gara ya tsaya a 85 ya haƙura da ƙarin nauyin, domin kayan da aka dawo da su a kan cewa launin bai yi daidai da hoto ba sun fi data tsada.

Har ila yau, kada a gyara JPEG a adana, a sake gyarawa a adana, domin kowane zagaye yana ƙara zubar da wani abu. Haka nan hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, sai fa idan an aika shi a matsayin takarda. A ajiye na asali a wuri guda, a riƙa fitar da kwafi daga gare shi.

Akwai kuma batun tsaro. Hoton waya yakan ɗauki ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, mai nuna rana da irin wayar, har da ainihin wurin da aka ɗauke shi idan na'urar gane wuri tana kunne. Manyan dandalin sada zumunta sukan goge shi daga abin da jama'a ke gani, amma shafin da ɗan kasuwa ya buɗe da kansa ba lalle ya goge ba. Wanda ya ɗauki hoton haja a ɗakin ajiyarsa ko a gidansa, ya cire bayanin wurin kafin ya ɗora. A iPhone ana samun maɓallin a ƙarƙashin Options lokacin aikawa, a wayoyin Android kuma ana kashe shi a saitin kyamara.