Hutu a Jirgin Ruwa: Fara da Biza Kafin Tikiti

Tallan hutu a jirgin ruwa ya iso wayoyin mutanen Gwantu da Kafanchan: mako guda a kan teku, ga ci ga sha ga makwanci, farashi kuma da sauƙi. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ko 'ya'yan da ke son kai iyayensu hutu, sai su fara da zaɓen jirgi. To ga mai fasfon Nijeriya, tashar da jirgin zai tashi da ƙasashen da zai yada zango su ne farkon abin dubawa, domin su ke nuna ko za a bar shi ya hau.

A da, daga gida ake tashi. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan a 1927, mutumin kudancin Kaduna kan bi jirgin ƙasa har Legas, ya hau jirgin Elder Dempster a Apapa zuwa Ingila. Wannan zamani ya ƙare a 1974, da kamfanin ya janye jirginsa Aureol. Yau sai ka bi ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja, ka hau jirgin sama zuwa wata ƙasa, kowace tasha kuwa da sharaɗinta. Southampton, inda Titanic ya tashi a 1912, tana neman bizar Birtaniya, idan kuma jirgin zai tsaya a Faransa ko Sifen sai ka ƙara da ta Shengen. Jiragen MSC da ke tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik suna fita da kai daga Afirka ta Kudu ne su dawo da kai, saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Jidda, da alhazanmu suka daɗe da sani, ta samu jirgin Aroya a ƙarshen 2024, kuma ya dace da iyalin da ba sa son wurin giya da caca.

Wani zai ce ai ba sai ya sauka a kowane zango ba, zai zauna a ɗakinsa. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar wannan uzuri. A bakin tasha ake duba takardu, wanda bizarsa ba ta cika ba a mayar da shi, kuma galibi ba a mayar masa da kuɗinsa. Wani kuma zai ce rangwamen zai wuce shi kafin biza ta fito. Hakan na faruwa, amma asarar rangwame ba ta kai asarar tikitin jirgi biyu ba, na sama da na ruwa. In ofishin jakadanci ya nemi shaidar kama wuri, biya kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, kuma ka sa ejan ya ba ka sharaɗin a rubuce.

Sauran shirin ba wuya. Fasfonka ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka sayi inshorar lafiya, don ganin likita a cikin jirgi da tsada. Tambayi kuɗin hidimar da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda talla ba ta cika ambata ba. Sannan ka isa garin tashar kwana guda kafin ranar tashi, domin ko jirgin Abuja ne ya makarar da kai, na ruwa ba zai jira ba.